Memori ya cika? Abin da ke sa kwamfuta saiɓi da abin da ake ɗora wa laifi a banza

Shin yawan manhajojin da aka ɗora wa kwamfuta ne ke sa ta saiɓi? In kuma an ƙara mata memori, tilas ta yi gudu? Tambaya ce tsohuwa, amma ta sake tasowa a Sakkwato tun da kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Jama'a suka shiga kai tsofaffin laftof ɗinsu ana cusa musu Windows 11, wasu suka dawo gida da abin da ya fi na da nawa, aka rasa wanda za a kama.

Kwanakin baya ina zaune a shagon wani mai gyara ina jiran a canza mini madannai, sai ga wata ɗaliba, da gani 'yar ajin ƙarshe ce, don ba ta da zance sai na furojet. Ta dire laftof a kan benci ta ce, "Injiniya, wagga kwamfuta ta ishe ni. In na kunna ta, sai in yi alwala in yi salla in dawo ba ta ƙare buɗewa ba." Bai ko ɗago kai sosai ba ya ce, "Malama, memori ya cika. Ki rage hotuna da fina-finai." Na leƙa allon. Wurin ajiyarta na giga 500 ne, abin da ke ciki bai kai rabi ba. Ban sa baki ba, shagon ba nawa ba ne. Amma na tabbata ko ta goge hotunan bikin yayarta kaf, gobe ma sai ta yi sallarta ta dawo ta jira.

Kalma ɗaya, abu biyu

Rikicin daga baki ya faro. Kalmar memori ta shigo mana ne ta ɗan katin nan da ake saka wa waya a cika shi da karatu da wa'azi da waƙoƙi, sai ta zauna mana da ma'anar wurin ajiya. A kwamfuta kuwa abubuwa biyu muke haɗa wa wannan suna, kuma aikinsu ya sha bamban.

Akwai ma'ajiya, inda Windows kanta da manhajoji da takardu da hotuna ke kwana. Ita ce mai manyan lambobi, giga 128, 256, 500, ko tera ɗaya, kuma ko an kashe kwamfuta shekara guda abin da ke cikinta yana nan. Akwai kuma ram, mai ƙananan lambobi, giga 4, 8, 16, wanda ba ya riƙe komai in wuta ta yanke. Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu aka ɗauke wuta kafin mai bugawa ya adana shafi goman da ya gama, ya ga halin ram da idonsa.

Ka ɗauki shagon tela ana saura mako biyu Salla. Akwai ɗakin baya da aka jibge yadin mutane, akwai teburin yanka, akwai telan kansa. Ɗakin baya shi ne ma'ajiya, teburi shi ne ram, tela kuwa furosesa, ɗan guntun da ke lissafin duk abin da kwamfuta ke yi. Tela ba ya yanka a ɗakin baya, duk yadin da zai taɓa sai an ɗauko an shimfiɗa a teburi. Yadi ɗari ne a ɗakin ko dubu, almakashinsa bai san da zancen ba. Abin da ya dame shi faɗin teburin, da nisan ɗakin, da ƙarfin hannunsa.

Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka, "Alhaji, wagga tera guda ta, gudu kamar iska," ɗakin baya yake yaba maka. Af, in ka sayi mai giga 500 ka ga Windows ta nuna 465, ba a cuce ka ba: masu ƙera ma'ajiya da 1,000 suke ƙirga, Windows kuma da 1,024.

Manhajar da ke kwance da wadda ke tsaye

Manhajar da aka ɗora ba a buɗe ba tarin fayiloli ce kawai a ma'ajiya, kamar yadin da aka kawo tun azumin bara mai shi bai waiwayo ba. Ba ta cin ram, ba ta taɓa furosesa. Kana iya ajiye CorelDRAW da AutoCAD da SPSS a kwamfuta ɗaya, in Word kaɗai ka buɗe, Word kaɗai ke kan teburi. Ta wannan fuska masu cewa yawan manhaja ba ya rage gudu suna da gaskiya.

Sai dai manhajoji da yawa ba sa yarda su kwanta. Ranar da ka ɗora su suke rubuta sunansu cikin jerin masu tashi tare da Windows, ko dai ba su tambaye ka ba, ko sun tambaya a wani ɗan akwati da ka danna ka wuce. Wata ta bar yaronta yana leƙen intanet ko an fitar da sabuwa. Wata tana jiran saƙo. Wata tana kwasar fayilolinka tana turawa ajiyar intanet, irin aikin OneDrive, tana cin data tana cin lokaci. Su ne 'yan zaman shago: tela na buɗe ƙofa da safe suna shigowa, wannan ya ɗora gwiwar hannu a teburi, wancan ya ajiye kofin shayi, kowa da 'yar tambayarsa. Ɗaya ba komai ba ne. Goma sha biyar kuwa, kafin tela ya zura zare a allura rana ta take.

Cikin masu nauyinsu har da manhajar tsaro, antibairos, domin aikinta ne ta tare kowane fayil da za a buɗe ta bincika shi. Guda ɗaya dole ce, kuma tun Windows 8 ta 2012 Microsoft ke haɗo tasa a ciki, Defender, wadda ta wadatar da yawancin mutane. Wanda ya ɗora biyu ko uku don a ganinsa tsaro ya fi yawa, ya sa kowace tana binciken fayil ɗaya, wani lokaci ma suna binciken juna.

Sannan akwai abin da ba mu cika son faɗa ba. Da yawa daga manhajojin da ke yawo a filashi daga shago zuwa shago fasa su aka yi, ba sayensu aka yi ba, kuma mai fasawa ba kullum sadaka yake yi ba. Akan cusa wa irinsu wani ɓoyayyen aiki, kamar haƙar kuɗin kirifto, furosesarka na yi wa baƙo ƙwadago dare da rana, kai kuwa rabonka ƙarar fanka da zafin cinya. Masu kiran kansu "mai share datti" ko "mai ƙara gudu" galibi su ma 'yan zaman shago ne, sun dai riƙo tsintsiya don a ce aiki suke.

Ba ma sai manhajoji sun yi yawa ba, guda ɗaya tak na iya cinye teburin. Chrome da Edge suna ware wa shafuka wurin aiki daban-daban don kada ɗaya ya faɗi ya ja sauran. Dabara ce mai kyau, amma ram take ci. Ɗalibin da ya buɗe shafi talatin yana neman abin da zai sa a babi na biyu, ga YouTube a gefe ga WhatsApp, ya fi nauyaya wa kwamfuta a kan wanda ya ɗora manhaja hamsin bai buɗe ko ɗaya ba.

To kwamfutar da ba a ƙara mata komai ba amma take ƙara nawa shekara bayan shekara fa? Kayan da ke kanta ne ke ƙiba. Windows XP ta 2001 tana tashi da ram megabait 64. Windows 7 ta 2009 ta nemi giga ɗaya. Windows 11 ta 2021 ba ta karɓar ƙasa da giga 4, ninki 64 ke nan na abin da XP ta nema. Shafukan intanet ma haka suke kumbura, kowane sabuntawa da ɗan ƙarin nauyinsa, ƙarfen kuwa yana nan yadda aka ƙera shi.

Ram magani ne, amma na ciwo ɗaya

In teburi ya cika tela ba ya daina aiki. Yana naɗe yadin da bai taɓa ba tun ɗazu ya kai ɗakin baya, ya samu wurin shimfiɗa sabo. In aka buƙaci na farkon, ya sake naɗe wani ya je ya ɗauko. Haka Windows ke yi, tana da wani fayil a ma'ajiya da take juye rarar ram a ciki. Shi ya sa kwamfuta ba ta cika tsayawa cik don ram ya ƙare ba, sai dai ta koma tafiyar hawainiya. Ka danna shafin da ka bari minti biyar da suka wuce, ya yi fari fat, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa.

Ram na amsa kira cikin kusan kashi ɗaya bisa miliyan goma na daƙiƙa. Tsohuwar irin ma'ajiya, wato faifai mai juyawa, yana ɗaukar kusan kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa kafin ya lalubo abu. Lambobin ba sa shiga kai sai an miƙe su: da a ce ɗauko abu daga ram daƙiƙa ɗaya ne, da ɗauko shi daga irin wancan faifai kwana ɗaya ne da 'yan awoyi. Ɗakin bayan telan nan sai ka ce a Legas yake.

Daga nan ake gane iyakar amfanin ƙarin ram. In aikinka na buƙatar giga 6 kana da 4, kaiwa 8 zai sa ka ji kamar sabuwa ka saya, domin zirga-zirgar ta ƙare. In aikinka na buƙatar 6 kana da 8, kaiwa 16 ba zai kawo canjin da za ka lura da shi ba. Teburin da ya riga ya ishi yadi, ko an ninka faɗinsa almakashi bai ƙara kaifi ba. A ganina giga 4 ƙunci ne a yau ga Windows 10 ko 11, don ita kanta Windows kan cinye wajen rabi kafin ka buɗe komai. Giga 8 ya ishi mai rubutu da bincike da lissafin shago, 16 kuwa na masu tace bidiyo da zanen gini ne.

Kafin ka ba da kuɗi ka sani ram iri-iri ne, DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma wani ba ya shiga gurbin wani, tsagar jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Wasu siraran laftof a jikin bod, babban allon da ke cikinsu, aka liƙe musu shi, ba a cirewa ba a ƙarawa. Ga kuma tarkon tsohon samfurin Windows da ake kira mai bit 32, wadda ba ta iya amfani da fiye da giga 4, a aikace ma uku da 'yan kai take gani. Mutum ya sa giga 8 aka bar masa irin wannan Windows, fiye da rabin abin da ya saya na kwance.

Wayoyin da ake tallatawa da "8+8" ma wannan labarin ne. Takwas na farko ram ne na gaske, na biyu yanki ne aka aro daga ma'ajiya. An share wani lungu a ɗakin baya an raɗa masa suna teburi.

Irin ma'ajiya ya fi girmanta tasiri

Nan nake zaton ciwon kwamfutar ɗalibar nan yake. Giga 500 a tsohuwar laftof galibi faifai mai juyawa ne, wanda ake rubutawa HDD. A cikinsa akwai faranti na gaske da ke juyawa, yawanci sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai kai da komo yana karantawa, kamar allurar garmaho ga waɗanda suka riske shi. In babban fayil ɗaya ne a jere yana iya jawo wajen megabait 100 a daƙiƙa. Amma tashin Windows dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, kowanne sai hannun ya je ya jira farantin ya zagayo.

SSD, sabon nau'in ma'ajiya, ba shi da abin da ke motsi, dangin abin da ke cikin filashi ne, sai dai ya fi inganci da sauri nesa ba kusa ba. Na gama-gari, mai shiga gurbin tsohon faifai, yana kai megabait 500 da ɗoriya a daƙiƙa, ɗan siririn nan da ake kira NVMe kuwa yana iya haura 3,000. Inda ya fi nuna kansa shi ne lalubo ƙananan fayiloli, don a nan ya ninka faifai mai juyawa kusan sau ɗari. A ma'aunin ɗazu, tafiyar kwana guda ta koma abin da bai kai minti ashirin ba. Shi ya sa laftof mai SSD na giga 128 ke tsere wa mai faifan tera ɗaya, alhali a bakin kasuwa ta biyun ce "mai babban memori". Har ƙarancin ram SSD kan rufa wa asiri: zirga-zirgar tana nan, amma ɗakin ya matso. In aka ce in zaɓi abu ɗaya da za a yi wa tsohuwar laftof mai faifai, SSD zan ce kafin ram, sai fa in ram ɗin giga 2 ne. Tsohon faifan kuma ba a yar da shi, akwai ɗan akwatin da ake saka shi ya koma ma'ajiyar waje.

Injiniyan nan dai bai ƙirƙiro zancen cika daga iska ba. Akwai matakin da cika ke cutarwa, wato in wurin ya kusa ƙarewa ƙaf. Windows na buƙatar fili don fayil ɗin juye ram, da fayilolin wucin gadi, da sabuntawa, SSD ma yana rage saurin rubutu in ya rasa wurin juyawa. Alamar a bayyane take: layin da ke ƙarƙashin C, harafin da Windows ke yi wa ma'ajiyarta laƙabi da shi, yana komawa ja in abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Masu ƙananan laftof ɗin nan na giga 32 ko 64 su ne ke fama da wannan da gaske. Amma tsakanin ma'ajiyar da ta cika kashi 30 da wadda ta cika kashi 60, babu bambancin da mai amfani zai ji a hannunsa.

Akwai kuma faifan da ke hanyar mutuwa. Faranti mai juyawa ba ya son girgiza, kuma laftof da aka cusa a jaka tana kunne aka hau kabu-kabu da ita, ko ta zamo daga kan gado, tana iya samun tabo. Daga nan sai faifan ya dinga maimaita karatu a wuri ɗaya, kwamfuta ta sandare na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci har ka ji ƙas-ƙas a ciki. In ka ji haka, kwashe furojet ɗinka a ranar.

Me ya sa fomat ke aiki, ciwon kuma ya dawo?

Maganin da aka fi bayarwa a shago shi ne fomat, a share komai a ɗora Windows sabuwa. Yana kuwa aiki, shi ya sa jama'a suka yarda kaya ne suka yi yawa. A zahiri an kori 'yan zaman shago ne gaba ɗaya har da ɓarayin cikinsu. Hotuna da fina-finan da suka tafi tare da su tsautsayi ne ya rutsa da su.

Masu gyara na da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Bin diddigin abin da ke cin kwamfuta na ɗaukar lokaci, mai kaya kuwa yana tsaye a kanka yana so yau-yau. In ka ce ya sayi SSD sai ya ɗauka kuɗinsa kake son ci. Fomat na da arha, kuma ana ganin canji nan take. Mu ma masu kai gyara da namu laifin. Mu ne ke cewa, "Injiniya, a cika mini ita da komai da komai," sai a zazzage mana duk abin da ke filashin shago, har da masu buɗe kansu. Wata biyu an koma gidan jiya. In kuwa faifai ne ko ram ko zafi, fomat goma bai taɓa su ba.

Abin da Sakkwato ta ƙara a kai

Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan kan haura digiri 40, kuma furosesa na da dabarar kare kanta: in zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Ba ta sanar da kowa. Abin da za ka gani shi ne kwamfutar da ke tafiya garau bayan asuba ta koma kamar an ɗaure ta bayan azahar, fanka na ta kuka.

Hunturu ne ke shirya wa bazara wannan. Ƙurar da ke shiga ko'ina daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana taruwa a fanka da 'yan haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, har ta dunƙule kamar auduga. Ga ɗabi'armu ta ɗora laftof a katifa ko filo ko darduma, wadda ke toshe kafofin shan iska na ƙasa. Ga man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, wanda ke bushewa bayan shekaru, kuma laftof ɗin gwanjo ta riga ta yi rayuwa guda a Ingila ko Amurka kafin ta iso hannunka. Buɗewa a share ƙura a sa sabon mai ƙaramin aiki ne, kuma na ga ya farfaɗo da kwamfutar da aka riga aka yanke wa hukuncin ƙarin ram.

Wuta ma da nata hannun. In laftof ta koma kan batir, Windows kan rage wa furosesa ƙarfi don cajin ya daɗe. Wasu laftof kuma, irin na Dell, in ba su gane cajar da aka soka musu ba ko ƙarfinta bai kai ba, da gangan suke rage gudu. Mai wannan matsala sai ya sayi ram har ya gaji.

Wani saiɓin ma babu ruwan kwamfuta a ciki. Ranar ƙarshe ta rajista in shafi ya ƙi buɗewa, jama'a ne suka taru a ƙofa ɗaya, ko sabis ya yi ƙasa. In Word da Excel na buɗewa lafiya, bar kwamfutar ta huta da zargi.

Telan kansa

Furosesar laftof ba a cika iya canza ta ba, ranar saye ake kula da ita. Kasuwa ta koya mana i3, i5, i7 kamar matakan sarauta, amma zubi, wato zamanin da aka ƙera ta, ya fi suna. Lambar farko bayan ɗan layin ke nuna shi a irin waɗannan: i5-3320M zubi na uku ce, ta 2012, mai cibiyar aiki biyu, kamar tela biyu a shago ɗaya; i5-8250U zubi na takwas ce, ta 2017, mai cibiya huɗu. Akwai tsofaffin i7 na laftof masu cibiya biyu kacal, waɗanda wannan i5 ɗin ta biyu ke wucewa ba tare da ta waiwaya ba.

Duba da kanka kafin ka ciro kuɗi

Lokacin da kwamfutar ke tsakiyar saiɓin, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A saman jerin akwai CPU da Memory da Disk, kowanne da kasonsa, CPU ita ce furosesa, Disk ma'ajiya, Memory kuma a nan ram ake nufi. Wanda ya liƙe a sama shi ne mai laifi. In Disk ne ke kan 100 sauran na hutawa, faifai ne. In Memory ya haura 90 Disk na biye da shi, teburi ya yi kaɗan. 60 ko 70 kuwa ba abin tashin hankali ba ne, don aiki aka saye shi. In CPU ce, danna kan sunan, jerin zai sa mai ci da yawa a sama. In sunan baƙo ne gare ka bincika kafin ka taɓa, wasu na Windows ne kanta. A sashen Performance za ka ga HDD gare ka ko SSD, da gurbin ram nawa aka cika. In kuma CPU na aiki tuƙuru amma saurin da ta nuna ya faɗi ƙasa da na asalinta sosai, tuhumi zafi ko caja.

Sashen Startup shi ne rajistar 'yan zaman shago. Kashe suna a nan ba ya goge manhajar, hana ta tashi da kanta kawai yake yi, ranar da ka neme ta ka buɗe abinka. Ta tsaro dai a bar ta.

Mai tsohuwar kwamfuta da Windows 11

Sharuɗɗan Windows 11 sun haɗa da ram giga 4, ma'ajiya giga 64, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa wadda a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas take farawa. Laftof ɗin gwanjo da yawa da za ka gani a hannun ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko a shagunan buga takardu na cikin gari, ba su kai nan ba. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, masu gyara kuma sun iya su. Windows 11 za ta hau, amma Microsoft ya ce bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba, kuma giga 4 da faifai mai juyawa a ƙarƙashinta shi ne abin da ya sa wasu suka dawo daga shago da da-na-sani.

Windows 10 tana kunnuwa tana aiki har gobe. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro na wata-wata, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adin da kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Kwamfutar shago da ba ta hawa intanet, haɗarinta a filashin kwastomomi yake. Mai shiga asusun banki da tasa kuwa, lamarinsa ya fi haka girma.

Mai shirin sayen ta hannu ya sa a kunna ta a gabansa, ya buɗe Task Manager, ya karanta lambar furosesa, ya ga SSD ne ko HDD, ya duba ko akwai gurbin ram da ba kowa. Sannan ya kunna mata bidiyo na minti goma sha biyar, ya sa tafin hannu a inda iska ke fita, ya kasa kunne ga fanka. In mai kaya ya fara gaggawar rufe murfi yana cewa caji zai ƙare, shagon gaba ma yana da laftof.